Kama da wane ba wane ba ne: Yadda dillalan bayanai ke ɗora wa mutum laifin takwaransa

Duk wanda ya tsaya a tsakiyar Kantin Kwari da ke Kano ko babbar kasuwar Kaduna ya ɗaga murya ya kira "Alhaji Musa Ibrahim", ba mutum ɗaya ne zai waiwayo ba. Haka nan duk akawun da ya taɓa riƙe takardar albashi a wata ma'aikata ta Arewa ya san cewa shafi guda na iya ɗaukar Muhammad Abubakar uku da Aisha Usman biyu. Wannan bai taɓa zama abin damuwa ba a zamanin da ake sanin mutum da fuskarsa da gidansu da sana'arsa. Amma yau, da yawa daga cikin hukunce-hukuncen da suka shafi aljihun mutum ba wanda ya san fuskarsa ne ke yanke su ba. Na'ura ce ke duba suna a rumbun bayanai, ta kwatanta shi da wani sunan, sannan ta ce a ba shi bashi ko a hana shi, a saki kuɗinsa ko a riƙe, a ɗauke shi aiki ko a jingine takardarsa.

A bayan wannan na'ura akwai wata sana'a da ba a cika jin sunanta ba, wato dillancin bayanai. Masu yin ta kamfanoni ne da ke tattara labarin mutane daga bankuna da kotuna da jaridu da manhajojin waya da shafukan sada zumunta, su haɗa shi wuri ɗaya, su sayar wa mai bukata. Mutumin da ake cinikin labarinsa ba ya wurin, ba a tambaye shi ba, galibi ma bai san ana yi ba. Rahoton da hukumar kula da harkokin kasuwanci ta Amurka, FTC, ta fitar a shekarar 2014 bayan binciken irin waɗannan kamfanoni tara ya nuna cewa ɗaya daga cikinsu na riƙe da bayanai iri 3,000 a kan kusan kowane ɗan ƙasar. Tambayar da ta shafe mu ita ce: idan sunanka ɗaya da na mutum dubu goma, ta yaya kamfanin zai san labarin wa ya liƙa maka?

Yadda Bahaushe ke bambanta takwarori

Al'ummar Hausawa ta daɗe da sanin matsalar, ta kuma daɗe da samo mata magani. Sunayen yanka kaɗan ne, domin ana ɗauko su daga sunayen annabawa da sahabbai da iyalan gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Saboda haka aka ƙirƙiri hanyoyin rarrabewa. Idan gida ɗaya ya tara Muhammadu da yawa, na biyu ya zama Sani, na uku Salisu, na huɗu Rabi'u, na biyar Hamisu. Ranar haihuwa ta ba da Ɗanladi da Ɗanjuma da Talatu da Asabe. Abubakar ya koma Garba ko Habu, Aisha ta koma Indo. Sana'a da siffa suka ƙara nasu: Mai Shayi, Mai Goro, Dogo, Ƙarami. Wanda ya bar gida kuwa sai a kira shi da garinsu, kamar yadda tarihi ya riƙe Aminu Kano da Shehu Shagari da Sa'adu Zungur.

Duk wannan hikima ba ta da gurbi a fom ɗin banki. Fom ɗin an tsara shi ne bisa al'adar Turawa, inda iyali ke gadon suna ɗaya tsawon ƙarnoni, shi ya sa yake neman "sunan farko" da "sunan iyali". Bahaushe kuwa sunan mahaifinsa yake sawa a gurbi na biyu, kuma sunan mahaifin daga cikin ƙananan jerin nan ya fito. Laƙabin da ya bambanta shi a unguwa shi ne abu na farko da ake jefarwa. Abin da ya rage a kwamfuta shi ne sashen sunansa da ya fi kama da na kowa.

Sai kuma rubutu. Muhammad da Mohammed da Muhammed da Muhammadu suna ɗaya ne a kunne, huɗu ne a na'ura. Ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Katsina da Maraɗi zai ga Abubakar ɗinsa ya zama Aboubacar, Yusuf ya zama Issoufou, Musa ya zama Moussa, saboda rubutun Faransanci. Ranar haihuwa da ya kamata ta raba gardama ita ma ba ta da ƙarfi. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da UNICEF a 2021 ya nuna cewa kashi 57 cikin 100 ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajistar haihuwa a Najeriya, balle iyayensu da kakanninsu. Wanda bai san ranar haihuwarsa ba, sau da yawa 1 ga Janairu ake rubuta masa. Ko da ba haka ba, masana lissafi sun tabbatar da cewa a cikin mutum 23 kacal, yiwuwar a samu biyu da suka haɗa ranar haihuwa ta haura rabi. Idan mutum 23 masu suna ɗaya, haifaffun shekara ɗaya, sun isa su kawo ruɗani, ina ga dubbai?

Kuskure iri biyu

Daga nan kuskure iri biyu ke fitowa, kuma gyaran ɗaya kan ƙara ɗayan.

Na farko shi ne a raba mutum ɗaya zuwa mutane da yawa. Wannan ma'aikatan gwamnati sun fi kowa saninsa. Sunan da ke takardar ɗaukar aiki ya sha bamban da na lambar BVN da harafi ɗaya, na lambar NIN ya sa sunan mahaifi a gaba, na asusun fansho ya bar sunan tsakiya. Sai albashi ya tsaya, ko haƙƙin ritaya ya maƙale, ko ofishin fasfo ya mayar da mutum gida. Shafukan "canjin suna" da suka cika jaridunmu, da layin masu neman takardar rantsuwa a kotuna, yawancinsu ba suna suke canzawa ba. Ƙoƙari suke yi su tabbatar wa kwamfuta cewa su ɗin dai su ne.

Na biyu ya fi haɗari, domin ba a ganinsa: a haɗa mutane da yawa su zama mutum ɗaya. Don kauce wa kuskuren farko, masu tsara manhajoji kan sassauta ma'auni, su ce duk sunan da ya yi kama da wani a ɗauke su ɗaya. Da zarar an sassauta, bashin wani da shari'ar wani da sunan wani da ke jerin waɗanda ake nema sai su faɗo cikin fayil ɗin wanda bai ji ba bai gani ba. Wanda aka raba ya san an raba shi, domin za a ce masa sunansa bai dace ba. Wanda aka haɗa da wani kuwa ba a gaya masa komai. Abin da zai ji kawai shi ne ba a amince da buƙatarsa ba.

Abin da ya faru a inda sana'ar ta tsufa

A watan Fabrairun 2011 wani Ba'amurke mai suna Sergio Ramirez ya je sayen mota a jihar Kalifoniya. Bayan an gama ciniki, dillalin ya duba bayanansa a kamfanin TransUnion, ya dawo ya ce ba za a sayar masa ba, domin sunansa na jerin 'yan ta'adda da masu safarar ƙwayoyi da Ma'aikatar Kuɗi ta Amurka ta haramta hulɗa da su. Ƙarshe da sunan matarsa aka sayi motar. Shari'a ta bayyana cewa kamfanin sunan farko da na ƙarshe kawai yake kwatantawa, ba ya duba ranar haihuwa ko wata shaida. Mutum 8,185 ne suka shiga ƙarar. A watan Yunin 2021 Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, ta yanke cewa mutum 1,853 da aka riga aka aika wa wasu kamfanoni bayanansu ne kaɗai ke da hurumin neman diyya. Ma'anar hukuncin ita ce, ƙaryar da ke kwance a fayil ɗinka ba ta zama cuta a idon kotu ba sai ta fita ta cuce ka.

Ba shi kaɗai ba ne. Binciken da FTC ta fitar a 2013 ya gano cewa mutum ɗaya cikin biyar na da kuskure a aƙalla ɗaya daga cikin rahotannin bashinsa, kuma kashi 5 cikin 100 kuskuren ya kai ya sa a tsawwala musu sharuɗɗan rance. A 2018 hukumar ta ci kamfanin RealPage tarar dala miliyan 3, saboda yadda yake liƙa wa masu neman hayar gida tarihin laifin wasu masu kama da sunansu. A 2004 an sha tsayar da Sanata Edward Kennedy a filayen jiragen sama saboda wani suna mai kama da nasa da ke jerin jami'an tsaro, kuma duk da matsayinsa sai da ya kwashe makonni kafin a gyara. Mafi muni shi ne Khaled el-Masri, Bajamushe ɗan asalin Labanon, wanda aka kama a Masedoniya a ranar ƙarshe ta 2003, aka miƙa shi ga hukumar leƙen asirin Amurka, aka tsare shi watanni a Afganistan, saboda sunansa ya yi kama da na wani da ake nema. A 2012 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta tabbatar da cewa an zalunce shi.

A watan Nuwamban 2021 hukumar kare masu hulɗa da cibiyoyin kuɗi ta Amurka, CFPB, ta fitar da matsaya cewa haɗa bayanai da suna kaɗai ya saɓa wa doka. Ta kuma yi nuni da cewa cutar ta fi faɗa wa al'ummomin da sunayen iyalansu ba su da yawa. Wannan siffa ta dace da mu fiye da yadda ta dace da waɗanda aka rubuta ta dominsu.

Inda abin ya iso ƙofarmu

Mai shigo da kaya daga Dubai ko Chaina ko Turkiyya na iya ɗauka cewa wannan labarin wata duniya ne. Ba haka ba ne. Duk dalar da ya tura sai ta bi ta wani banki na waje, kuma bankin sai ya tace sunan mai turawa da na mai karɓa a jerin takunkumi da kuma rumbunan kamfanoni masu zaman kansu irin su World-Check. Wannan rumbun ne ya sanya Masallacin Finsbury Park na Landan a rukunin ta'addanci, bankin HSBC ya rufe asusunsa a 2014, sai a 2017 kamfanin Thomson Reuters, mai rumbun a lokacin, ya nemi afuwa ya biya diyya.

A watan Maris na 2022 Amurka ta sanya takunkumi ga 'yan Najeriya shida da wata kotu a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta samu da laifin tura wa Boko Haram kuɗi. Idan aka warware sunayensu, abin da za a gani shi ne Musa da Yusuf da Adamu da Ali da Ibrahim da Isa da Abubakar da Muhammad. Babu layin kasuwa a Arewa da ba za a samu masu waɗannan sunaye ba. Ma'aikacin bankin da ke zaune a Landan ko New York ba ya ganin lambar NIN, bai kuma san cewa Ibrahim Ali a Kano kamar yashi yake ba. A lokacin da Najeriya ke cikin jerin ƙasashen da ake sa wa ido kan halasta kuɗin haram, daga Fabrairun 2023 zuwa Oktoban 2025, bankunan waje sun samu ƙarin dalilin yin taka-tsantsan. Ga ɗan kasuwa, taka-tsantsan ɗin na nufin kuɗi a riƙe, kaya a tashar ruwa suna tara kuɗin ajiya, farashin canji kuma yana tafiya.

A cikin gida, kamfanoni uku ne Babban Bankin Najeriya ya ba lasisin tattara tarihin bashi: CRC da FirstCentral da CreditRegistry. Aikinsu na ƙara nauyi tun da gwamnati ta kafa hukumar CREDICORP a 2024 domin ba ma'aikata rancen sayen kaya, kuma kowane mai ba da rance daga rahotonsu yake farawa. Gaskiya ne lambar BVN da aka ƙaddamar a Fabrairun 2014, da lambar NIN mai alƙaluma 11, sun rage ruɗani matuƙa, domin yatsun hannu ba su da takwara. Wannan ci gaba ne da bai kamata a raina ba. Sai dai tsofaffin bayanan da aka shigar kafin zuwan lambobin, da na ƙananan masu ba da rance da ƙungiyoyin adashi, ba duka ne ke ɗauke da su ba. Kotuna da 'yan sanda da jaridu kuwa har gobe da suna suke ambaton mutum. Idan aka buga cewa an gurfanar da wani Sani Abdullahi kan damfara, ba tare da shekaru ko unguwa ba, labarin zai zauna a intanet yana jiran duk mai neman aiki ko abokin ciniki da za a binciki sunansa.

Lambar ma tana da nata haɗarin. A 2024 an bankaɗo shafukan intanet da ke sayar da bayanan 'yan Najeriya, kuma ƙungiyar Paradigm Initiative ta sanar da cewa ta sayi bayanan NIN na Ministan Sadarwa Bosun Tijani a kan Naira 100. Wanda ya mallaki lambarka da hotonka da ranar haihuwarka na iya karɓar rance da sunanka a manhajar waya. A nan ba takwara ba ne ya ja maka, ɓarawo ne ya sa rigarka, kuma ƙaryata shi ya fi wuya, domin kowa ya yarda cewa lamba ba ta kuskure.

Me ya sa kuskuren ba ya ƙarewa

Ba ƙarancin fasaha ne ya hana gyara ba. Lissafin riba ne. Abokin cinikin dillalin bayanai shi ne banki ko kamfani ko mai gidan haya, ba mutumin da ke cikin fayil ba. Idan dillali ya bar mai laifi ya wuce, banki zai sha tara mai nauyi, shi kuma ya rasa kwangila. Idan ya tare mutum ɗari marasa laifi, babu wanda zai caje shi ko kwabo. Don haka duk lokacin da aka yi shakka, ma'aunin kan karkata ne zuwa ga zargi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Bayan haka, dillalan na sayen bayanai daga junansu. Kuskuren da aka goge a wuri ɗaya na iya dawowa bayan wata shida daga wani rumbun da ya kwafe shi tun farko. Shi ya sa jihar Kalifoniya ta yi doka a 2023 da za ta ba mutum damar neman a goge bayanansa daga dukkan dillalan da suka yi rajista da buƙata guda ɗaya, maimakon bin su ɗaya bayan ɗaya.

Abin da doka ta tanada

Najeriya ba ta rasa doka ba. Dokar Rahoton Bashi ta 2017 ta ba kowa damar karɓar rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara, da damar ƙalubalantar abin da ba daidai ba. Dokar Kare Bayanai da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yunin 2023 ta wajabta cewa bayanan da aka riƙe su kasance sahihai, ta ba mutum ikon ganin abin da aka tara a kansa da neman a gyara ko a goge, ta kuma ba shi ikon ƙin yarda da hukuncin da na'ura kaɗai ta yanke idan ya shafi rayuwarsa sosai. Tarar manyan kamfanoni na iya kaiwa Naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. Hukumar NDPC da ke aiwatar da dokar ta nuna tana da haƙora, domin a 2024 ta ci wani babban banki tarar sama da Naira miliyan 555.

Amma hankalin hukuma da na jama'a ya fi karkata ga satar bayanai da amfani da su ba da izini ba. Sahihancinsu bai samu irin wannan kulawa ba, alhali shi ne ke taɓa talaka kullum. Akwai matakai huɗu da ba sa buƙatar sabuwar doka. Babban Banki da NDPC su haramta ɗaukar mataki a kan kowa bisa kamannin suna kaɗai, sai an samu shaida ta biyu kamar lamba ko cikakkiyar ranar haihuwa. Duk bankin da ya hana rance ko ya riƙe kuɗi bisa wani rahoto ya gaya wa mai asusun daga ina rahoton ya fito. Hukumomin da ke fitar da sunayen waɗanda ake nema ko aka sanya wa takunkumi su haɗa da shekaru da hoto da garin asali. Hukumar NIMC kuma ta sauƙaƙa gyaran suna da kuɗinsa, ta amince cewa bambancin Mohammed da Muhammad ba canjin mutum ba ne. Mu ma 'yan jarida da namu rabon: labarin kotu da bai faɗi shekaru da unguwar wanda ake tuhuma ba, ya jefa duk takwarorinsa cikin zargi.

Shi kuma mai karatu, akwai abin da ke hannunsa. Ya zaɓi rubutun suna guda ɗaya da jeri guda ɗaya, wanda ke kan NIN, ya daidaita BVN da fasfo da takardun aiki da na fansho a kansa tun kafin ranar buƙata. Ya riƙa amfani da suna uku a duk takardar hukuma. Ya nemi rahoton bashinsa ko da bai taɓa cin bashi ba, domin wanda bai ci ba shi ne ya fi jinkirin gane an ɗora masa. Ɗan kasuwa mai hulɗa da waje ya yi rajistar kamfani a Hukumar CAC, ya riƙa tura kuɗi da sunan kamfanin da lambarsa. Idan an samu kuskure, a rubuta ƙorafi a takarda, a riƙe kwafi mai hatimi, in ba a gyara ba a kai gaban NDPC ko sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Banki. Iyaye kuma su yi wa jarirai rajistar haihuwa da suna cikakke da ranar gaskiya.

Babu wanda zai ce Musulmin Arewa su daina sa wa 'ya'yansu Muhammad da Fatima domin sauƙaƙa wa kwamfuta aiki. Wanda ya ɗauki sana'ar sayar da labarin mutane shi ne ya wajaba ya tabbatar da labarin wa yake sayarwa, kuma aikin hukuma ne ta sa kuskuren ya riƙa cin aljihun wanda ya yi shi. Har zuwa lokacin da za a kai nan, mai sanannen suna ne zai ci gaba da biyan kuɗin rantsuwa da na jarida da na mota zuwa ofis-ofis, domin ya wanke kansa daga abin da wani ya aikata.